Dalmar Labule

Mai Labule ya kife gwangwanin a kan teburin yanka. Ƙwaya takwas suka zubo. Ya girgiza shi, ya leƙa ciki, ya sake kifewa. Takwas ɗin dai.

Sittin ya saya, wata uku da suka wuce. Ƙwayoyin dalma ne masu faɗin murfin kwalba, waɗanda ake ɗinkewa a cikin kalmasar labule don ya tsaya miƙe, iska ba ta wasa da shi. Shekara arba'in da ɗaya yana wannan aiki, labulen ofis, na otal, na ɗakin taro. Ko allura bai taɓa ɓatarwa bai san inda ta shiga ba.

Ya leƙa ya tambayi shumekan da ke jikin shagonsa ko ya ga wani ya shiga. Shumeka bai ɗaga kai daga takalmin da ke cinyarsa ba. Ya ce ɓarawon da zai bar keken ɗinki ya ɗauki dalma, asibiti ya kamata a kai shi, ba wurin 'yan sanda ba. Ya ƙara da cewa tsufa ma ɓarawo ne, kuma da ƙwaƙwalwa yake farawa.

"Ni na tsufa, kai ka ruɓe," in ji Mai Labule. Ya koma ciki.

Wayarsa ta yi ƙara. Ƙanwarsa ce. Gwiwarta ta kumbura, ba ta iya taka ƙasa. Yau Laraba, ranar asibitin Auta, ƙarfe sha ɗaya. Mako tara ita take kai ta, yau sai shi. Ya ce yana da aiki a gabansa.

"Yaya, 'yarka ce. Ba labule ba ce da za ka ba ni ajiya."

Ta kashe wayar kafin ya amsa.

Auta ce ƙaramar 'ya'yansa, shekara ashirin da uku. Ita ke yi masa ɗinkin hannu a ɗakin bayan shago. Wata goma da suka wuce, mota ta kife da ita da mahaifiyarta a hanyar dawowa daga gidan yayarta. Sai da aka yi awa uku kafin a yanka ƙarfen a fito da su. Uwar ta cika tun cikin awa ta farko, kanta a kan ƙirjin Auta. Ita Auta ƙwarzane ɗaya ne a goshinta.

Da aka gama zaman makoki, Mai Labule ya tara 'ya'yansa. Ya ce abin da ya faru ya faru, maganar ta mutu tare da mai ita, kada wanda ya sake tayar da ita a gidansa. Babu wanda ya tayar. Auta ta koma kan allura. Ta daina rufe ƙofa, ko ta ɗaki ko ta shago, shi kuma ya ɗauka zafi ne. In an yi maganar abinci sai ta ce ta ci ɗazu, ko za ta ci an jima. Shi dama shi kaɗai yake cin nasa, a kan teburin yanka, tun yana saurayi.

Ƙanwarsa ce ta fara cewa yarinyar nan ba ta ci. Ya ce yunwa ce maganin ƙin ci. Da ta dage sai ya ce ta kai ta duk inda take so, amma shi idonsa bai ga komai ba. Kuma da idon nan yake alfahari. Daga tsallaken titi yakan dubi taga ya faɗi awonta, a sa tef a samu daidai. Ido ba mudu ba, ya san kima. Ya dubi 'yarsa, kafaɗu sun cika riga, riga ta sauka daidai. Fuska ce ta ɗan faɗa, wa zai rasa uwa fuska ba ta faɗa ba?

Ya rufe shagon. Ya kira ta.

A cikin bas akwai kujeru a baya, amma Auta ta tsaya a bakin ƙofa ta riƙe ƙarfe da hannu biyu. Kwandasta ya yi mita, ta yi kamar ba da ita yake ba. Doguwar riga ce a jikinta, ruwan ƙasa, mai dogon hannu, ga rana. Da suka sauka sai ya ga tana jan ƙafa kamar tsohuwa. Ofishin malamar da ke duba Auta yana hawa na biyu a asibitin. Sau biyu ta tsaya a matakala ta jingina da bango.

"Ki yi tafiya kamar mai ƙashi a jiki," ya ce.

Ta ce to, Baba.

Nas ce ta fara karɓarsu, wata gajeriya mai fara'a. Ta sa Auta ta cire takalmi ta hau sikeli. Ta ce arba'in da rabi, kamar na makon jiya, kamar na makon da ya gabace shi, madalla. Ta juyo ta yi wa Mai Labule bayani cewa likita ya ja layi a kan kilo arba'in. In ta sauka ƙasa da haka sai an ba ta gado, don zuciya ma tsoka ce, in jiki ya rasa abin ci ita yake ci. Daga nan ta kama wuyan hannun Auta tana duban agogo. Ta saki, ta sake kamawa. Fara'ar ta ragu. Ta rubuta wani abu, ta ce su shiga.

Ɗakin ba gado, ba allura, ba ko ƙwayar magani. Kujera uku, ƙaramin tebur, fanka mai juyawa a kusurwa. A kan teburin kofin madara mai ɗumi da rabin ayaba a faranti. An tokare ƙofar da wani ƙaton littafi don kada ta rufu. Malamar da ke ciki ba ta kai babbar 'yarsa shekaru ba. Ta tashi ta gaishe shi, ta ce ta daɗe tana son ganinsa.

Ta yi masa bayani a taƙaice. Ta ce kan Auta ya san ta fito daga motar, amma jikinta bai sani ba. Har yau yana can, a matse, yana jiran a yanka ƙarfe. Shi ya sa maƙogwaro ke rufewa, ciki ke ƙullewa. Aikinsu a ɗakin nan shi ne su koya wa jikin cewa an fito. Da numfashi suke farawa.

"Numfashi kuma sai an koya? Tun da aka haife ta take yi."

"Soka allura ma kowa ya iya, Baba. Amma ba kowa ake kai wa labule ba."

Bai so amsar ta yi daidai ba. Ya zauna ya harɗe hannu.

Auta ta cire takalmi ta shimfiɗa tafin ƙafa a ƙasa. Hannu ɗaya a ƙirji, ɗaya a ciki. Malama tana ƙirga mata a hankali, huɗu a shaƙa, shida a fitar. Tana tambayarta ina take jin sanyi, ina take jin nauyi, ƙasan nan tana motsi ko tana tsaye. Can ta ce ta ɗauki kofin, ba don ta sha ba, don ta ji ɗuminsa a tafin hannu. Sun daɗe a haka. Daga baya Auta ta kurɓa sau ɗaya. Ta huta. Ta sake kurɓa. Malama ta ce wannan aiki ne babba.

Mai Labule ya dubi agogon bango. Kurɓi biyu a minti ashirin. Ya tuna labulen ɗakin taro da ya bari a yanke.

Malama ta juyo gare shi. Ta ce yana da wuya mutum ya ci abu alhali ido biyu na kansa, don haka shi ma ya taimaka da ɗan aiki. Abu ne da suke yi in tsoro ya taso. Ya dubi ɗakin ya faɗi abu biyar da yake gani, amma ya duba da gaske, kada ya faɗa da ka.

Ya ce tebur. Ya ce kofi. Ya ce fanka. Ya dubi taga ya ce labule, kuma wanda ya ɗinka shi a karɓe masa almakashi, don duk juyowar fanka sai ya tashi kamar tsumma a kan igiya. Gefen bakin Auta ya ɗan motsa.

"Na biyar fa, Baba?"

Ya bi iskar da ido yana neman abin faɗa. Fankar ta ɗaga labulen, ta ɗaga gefen takarda a kan tebur, ta kaɗa bakin mayafin Malama. Ta iso kan Auta. Rigar ba ta motsa ba.

Ya san yadin. Shi ya sayo shi, auduga ce marar nauyi, irin wadda numfashin yaro ma ke kaɗawa. Ya jira fankar ta zagayo. Ta zo, ta wuce. Rigar tana nan a miƙe daga gwiwa zuwa idon sawu, kamar labulen ɗakin taro.

Ya kafa wa kalmasar rigar ido.

A daidai nan nas ta ƙwanƙwasa buɗaɗɗiyar ƙofar, ta ce Malama ta ɗan zo. Malama ta nemi afuwa ta fita.

Ya sauka daga kujerar, gwiwarsa ta yi ƙara. Ya kama kalmasar rigar da yatsa biyu. Abu mai tauri, zagayayye. Ya matsa inci ɗaya. Wani. Ya matsa. Wani. Kowace ƙwaya da ɗan ɗakinta, an kewaye ta da zare don kada ta taɓa 'yar'uwarta ta yi ƙara. Shi ya koya mata haka tana shekara sha biyu, yana buga mata rula a yatsu in ta bar rata. Babu rata ko ɗaya. Ya bi ɗinkin gefe zuwa ƙugu, nan ma suna jere.

Ya miƙe. Ya ɗora hannu a kafaɗarta. Rabon da ya taɓa ta tun ranar da aka fito da ita daga motar. Soso ne, na kafaɗar kwat, ninki biyu. Ya danna. Sai da yatsunsa suka nutse kafin su sami ƙashi, siriri kamar hangar rataye riga. Ya zagaya damtsenta da babban yatsa da manuni. Suka haɗu.

Ya koma ya zauna.

"Hamsin da biyu," ya ce.

Ba ta musa ba. Ashirin da biyar ke yin kilo, su biyun sun sani. Ta ce da goma ta fara. Duk ranar Talata takan hau sikelin mai kantin magani, abin da ya ragu ta cike shi da dalma. Ba ƙarya ta so yi ba. Ta ga ɗakin da ake kwantar da mutane. Ƙofarsa da kanta take rufuwa, gadajen kuma da ƙarfe a gefe da gefe.

"In suka rufe ni a ciki, Baba, ba zan fito ba. Don Allah. Zan ci. Ka gani."

Ta ɗauki ayabar ta kai baki. Ta gutsura kaɗan. Ya ga tana taunawa, tana taunawa. Ya ga maƙogwaronta ya hau, ya tsaya, ya ƙi sauka. Idonta ya kawo ruwa. Ta juya ta mayar a tafin hannu ta dunƙule.

Ya tambaye ta tun yaushe take kasa haɗiya. Ta ce a cikin motar burodi ne a bakinta, Mama ce ta gutsuro mata. Da shi a baki ta yi awa ukun, ta kasa haɗiyewa, ta kasa tofarwa don fuskar Mama tana nan kusa. Bai taɓa jin wannan ba. Ya ce me ya hana ta faɗa.

"Kai ka ce maganar ta mutu."

Ba da zafi ta faɗa ba. Kamar dai tana tuna masa awon taga.

Ya ji takun Malama a baranda. Shiru abu ne da ya iya, ya fi kowa iyawa. In ya yi shi yanzu za su sauka, su hau bas, ta koma ɗakin baya. Babu wanda zai ce 'yar Mai Labule tana kwance a ɓangaren masu ciwon ƙwaƙwalwa, shumeka ba zai sami abin ɗauka ba. Ranar Talata kuma ta ƙara takwas ɗin da suka rage. Bayan su gwangwani ya ƙare.

Malama ta shigo, fuskarta ba yadda ta fita da ita ba. Ta zauna. Ta ce bugun zuciyar Auta ya yi ƙasa sosai, kuma bai dace da abin da sikeli ke faɗa ba. Ta ce ba za ta tilasta wa kowa ba, amma in akwai abin da ya kamata ta sani, yau ne ranarsa.

Auta ba ta dubi Malama ba. Shi ta duba.

A aljihun gaban rigarsa kullum akwai alli da reza a naɗe cikin takarda. Ya zaro rezar. Ya sake durƙusawa.

"Baba."

Bai ɗaga kai ba. Ya juya kalmasar, ya sa bakin reza a zare, bai taɓa yadin ba. Ƙwaya ta faɗo a tafinsa, da ɗumin jikinta. Ya ajiye ta a kan tebur kusa da kofin. Ya ciro ta biyu. Ta uku.

Malama ta kai hannu baki. Nas tana tsaye a ƙofa, takarda a hannu, ta ce mako tara, da hannunta take rubutawa, mako tara.

Wajen ta ashirin jikin Auta ya fara rawa. Numfashinta ya gajarce, yana fita da sauti, idonta ya kafe a bango, ƙafafunta suka tashi daga ƙasa ta naɗe su ƙarƙashin kujera. Malama ta matso tana kiranta a hankali, tana cewa ta nemi ƙasa, ƙasa tana nan, ƙofa a buɗe take. Auta ba ta jin ta.

Mai Labule ya ajiye rezar. Ya kamo ƙafafun biyu, sanyi ƙalau, ya dire su a kan siminti, ya danne da tafin hannunsa. Ya fara ƙirgawa da muryar da yake kiran awo a shago, wadda take ji tun tana rarrafe. Ɗaya, biyu, uku, huɗu. Ya dakata. Ɗaya zuwa shida. Ya sake. Bai san sau nawa ba. A hankali ya ji yatsun ƙafar sun saki a ƙarƙashin hannunsa.

Ya ɗauki rezar ya ƙarasa aikinsa.

Sikeli ya ce talatin da takwas da kaɗan. Aka kira likita, aka rubuta gado. Mai Labule ya ce ba za ta shiga ba sai ya ga ɗakin. Gado huɗu ne, taga ɗaya, ƙofa mai ƙarfe a sama da ke jawo ta ta rufe. Ya ce gadon bakin ƙofa za a ba ta, a sauke ƙarafan gefe, ƙofar kuma ba za a rufe ba, dare da rana. Babbar nas ɗin ɗakin, wata doguwa mai tabarau, ta ce nan ba gidansa ba ne, mata ne a ciki, suna bukatar sutura. Ya ce sutura aikinsa ce, shekara arba'in da ɗaya. Labule zai kawo kafin la'asar. Ta dubi Malama. Malama ta ce ita za ta sa hannu.

Aka kwantar da Auta, aka ɗaura mata ƙarin ruwa. Sun ba ta rigar asibiti. A cikinta ya ga 'yarsa yadda take, ya kau da kai, sannan ya tilasta wa kansa ya sake dubawa. Ta juya fuska bango. Tun da ya zaro rezar ba ta ce masa uffan ba.

Ya shafa wuyansa, ashe tef ɗin awo na nan tun safe. Ya ja kujera ya hau. Ya auna faɗin ƙofar, ya auna tsawo. Bakinsa ya faɗa da ƙarfi yadda ya saba, talatin da tara, tamanin da huɗu, don kullum ita ke rubutawa. Ba wanda ya rubuta. Ya tsaya a kan kujerar, tef na lilo a hannunsa. Ya zaro alli ya rubuta a bayan hannu.

Ya sauko. Ya kai bakin ƙofa.

"Ka rage inci biyu." Fuskarta na bango. "Kada ya share ƙasa."

"Na sani."

Ya goge huɗun da yawu, ya rubuta biyu.

A baranda gajeriyar nas ta biyo shi da baƙar leda, ta ce kayansa. Ya karɓa. Dalmar ce, kilo biyu kawai. Bandir ɗin yadi yake ɗauka a kafaɗa ya hau da shi hawa uku.

A matakala ta farko ya tsaya ya jingina da bango, daidai inda ta jingina. A ta biyu sai ya zauna. Ya ajiye ledar tsakanin ƙafafunsa. Mutane suna hawa suna sauka, suna raɓa shi. Wata mai shara ta tsaya da bokiti ta ce Baba, lafiya, ko a kira wani?

Ya ɗaga mata hannu ɗaya ta dakata. Ɗayan yana kan ƙirjinsa. Yana ƙirga numfashi, bai kai shida ba tukuna.